Taswirar Bincike: Abin Da Take Nunawa Da Abin Da Take Ɓoyewa

Duk wanda ya san Kasuwar Kurmi ya san ba a zama barkatai. Masu sayar da kayan fata suna layinsu, 'yan koli suna nasu, kuma da ganin cunkoson layi ka san hajar da ake rububi. To, haka masana suka koyi zana duniyar ilimi. Sukan tara dubban maƙalun bincike su danƙa wa kwamfuta, ita kuma ta jera su: waɗanda suke amfani da kalmomi iri ɗaya, ko suke kafa hujja da ayyuka iri ɗaya, sai ta zaunar da su kusa da juna. Abin da ke fitowa a allo ɗigo-ɗigo ne masu launi, ja a nan, kore a can. Babban ɗigo batu ne da aka yi wa rubutu da yawa. Inda fili ya yi fayau, babu mai shago.

Wannan sana'a ta kwana biyu. A 1964 Ba'amurke Eugene Garfield ya fito da kundin da ke lissafa wa ya ambaci aikin wa a mujallun kimiyya. A 1973 Henry Small a Amurka da Irina Marshakova a Tarayyar Sobiyat, kowa a nasa ɓangaren, suka lura cewa idan marubuta suna yawan ambaton ayyuka biyu tare, to akwai dangantaka a tsakaninsu. Yau ɗalibin digiri na biyu ma yana iya zana irin wannan taswira da manhajar VOSviewer, wadda Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan ta saki kyauta.

Ina ruwan gwamnati da wannan? Kuɗi. Hukumar da ke raba kuɗin bincike ba za ta iya karanta maƙala dubu hamsin ba, amma za ta iya duban taswira ɗaya ta tambayi kanta: shin inda masana suka yi dandazo nan ne inda jama'a ke jin jiki? Wani nazari da Ismael Rafols da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya gwada haka a kan matsalar ƙiba. Sun zana taswirar binciken da ake yi, sannan suka ɗora ta a kan tambayoyin da 'yan Majalisar Tarayyar Turai suke yi game da matsalar. Sai ga masana sun fi karkata ga ilimin halittar jiki da magani, su kuwa 'yan majalisa hankalinsu na kan abincin da ake sayar wa mutane da yanayin zamansu. Ba wanda ya yi laifi, amma dai ga giɓi a fili.

Sai dai akwai wani hanzari ba gudu ba, kuma nan ne abin ya shafe mu. Taswira ba ta san abin da ba a ba ta ba. Yawancin irin waɗannan taswirori daga rumbunan Web of Science da Scopus ake ɗebo kayan zana su, rumbuna biyu na kamfanonin kasuwanci da suka fi tara mujallun Turai da Amurka masu fita da Ingilishi. Rafols da Tommaso Ciarli da Diego Chavarro sun auna wannan da binciken shinkafa. Da suka kwatanta rumbunan biyu da na CAB Abstracts, wanda ya ƙware a harkar noma, sai suka ga ɗimbin ayyukan ƙasashe masu tasowa ba su shiga manyan rumbunan ba. Abin da ya fi ɓacewa kuwa shi ne binciken da ya fi kusa da manomi, kamar yadda ake sarrafa gona da yaƙi da ƙwari. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ka ɗauka wani kwamiti a Abuja ya buɗe taswirar binciken hatsi, ya ga gero ɗan ɗigo ne a gefe. Ma'ana biyu ce. Ko dai ba a yin binciken, ko kuwa ana yi a Samaru da Maiduguri amma yana kwance a mujallar tsangaya da kundin digiri da ba su taɓa hawa intanet ba. Maganin na farko a zuba kuɗi, maganin na biyu a fito da abin da ke akwai. Wanda ya kasa bambance su zai sake biyan kuɗin aikin da aka gama tuntuni. Shi ya sa ƙa'ida ta farko cikin goma da masanan wannan fanni suka fitar a 2015, a sanarwar da ake kira ta Leiden, take cewa alƙaluma su tallafa wa hukuncin ƙwararru ne, kada su maye gurbinsa.

Ƙofa dai ta fara buɗewa. Tun 1998 dandalin AJOL yake tattara mujallun Afirka, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan mujallu a cikinsa. A 2022 aka ƙaddamar da OpenAlex, rumbu na kyauta wanda ya fi na kamfanonin faɗi, har Jami'ar Sorbonne ta Faransa ta daina biyan kuɗin Web of Science ta koma gare shi.

Saboda haka kira na ga TETFund da shugabannin jami'o'inmu: kafin a dogara da taswira wajen raba kuɗin bincike, a ware wani abu domin ɗora mujallunmu da kundayen digiri a intanet, kowanne da lambar shaidarsa ta dindindin da rumbuna ke ganewa. Sannan duk ranar da za a baje taswirar a tebur, a gayyato malamin gona da likitan karkara su zauna a wurin, su faɗi abin da ba su gani a cikinta ba.