Mai Ɗinkin Hula Ya Riga Likita Sanin Natsuwa

Duk wanda ya saba ratsa lungunan birnin Zariya ko na Kano da la'asar sakaliya, ba zai rasa ganin wani bawan Allah zaune a bakin zaure ko a gindin dalbejiya ba, ƙyalle a hannu, kai a sunkuye, allura tana shiga tana fita. Babura suna wucewa, 'yan talla suna kira, amma shi ko a jikinsa. In an yi masa sallama ya amsa, sa'an nan ya koma daidai inda ya tsaya. Galibinmu abin da muke gani a wurin shi ne mai neman na cefane. Haka ne kuwa, amma mutumin nan yana riƙe da wani abu wanda a ƙasashen Turai da Amurka sai an biya kuɗi ake koyonsa, watau natsuwa.

A cikin shekarar 1979 ne wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani sashe a makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, inda ake karɓar marasa lafiyar da ciwo ya daɗe yana cinsu, da waɗanda damuwa ta yi wa katutu. Mako takwas ake yi ana koya musu abu guda, shi ne su tara hankalinsu a kan abin da suke ciki a wannan lokaci, ko numfashi ne, ko tafiya, ko cin abinci. Har akan ba mutum ƙwayar zabibi guda, a ce ya dube ta, ya shinshina, ya tauna a hankali. In tunani ya gudu zuwa bashin jiya ko kuɗin hayar gobe, ba a ce ya yi faɗa da kansa ba, sai dai ya komo da shi, ya sake komowa da shi, ko sau nawa ne. Daga addinin Budda ya ɗauko dabarar, ya raba ta da ibada. Abin ya karɓu, har a 2004 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta yarda a yi amfani da wani reshe nasa ga mutanen da ciwon damuwa mai tsanani ya sha dawo musu.

To, mai karatu, dubi abin da mai hula yake yi. Da fari mai zane ne zai fitar da fasali a kan farin ƙyalle. Daga nan aiki ya koma ga allura: a huda ɗan ƙaramin ido, a zagaye shi da zare, a matsa gaba kaɗan a huda wani, har dubbai. Kowane gida na zanen da launinsa, kuma dole jan zaren ya zama daidai, don in ya yi tsauri ƙyallen ya tattare, in ya yi sako-sako aikin ya yi muni. Saboda haka ido da yatsa da zuciya tilas su zauna wuri ɗaya. Da zarar hankali ya tafi yawo, allura ce za ta fara tona asiri, ko ta kauce wa layi, ko ta soki ɗan yatsa. Sai a warware, a koma baya, a ci gaba. Hula mai kyau, irin su Zanna Bukar ko Damanga ko Tangaran, takan ci makonni kafin ta kai ga mai wanki ya sa mata sitaci ya ɗora ta a kan icen da zai fitar mata da siffa. Ba mai iya gaggauta ta. Ashe darasin mako takwas ɗin nan shi ne mai hula yake bita kullum, ba tare da ya raɗa masa suna ba.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron da ya karanta Ahalari ya san natsuwa tana cikin farillan salla, watau gaɓoɓi su zauna a ruku'u da sujada kafin a ɗago, kuma Imamu Gazali ya yi dogon bayani a cikin Ihya'u a kan halartar zuciya. Amma mutumin da ya wuni hankalinsa a warwatse, da wuya ya tattaro shi a cikin raka'a huɗu. Kila shi ya sa ɗinkin hula ya daɗe yana tafiya tare da almajirci, domin hannun da ya saba da allura da idon da ya saba da allo tarbiyya ɗaya suka sha.

A Barno an ga wani gefen al'amarin. Lokacin da 'yan Boko Haram suka kama garin Bama a watan Satumba na 1914 da ɗari, watau 2014, mutanensa da yawa suka tsere zuwa Maiduguri ba su ɗauki kome ba sai abin da ke hannunsu na sana'a. A sansanonin 'yan gudun hijira mata da 'yan mata da samari suka duƙufa ga ɗinkin hular nan da ake kira da sunan garinsu. Neman abinci ne ya sa su, babu shakka. Amma a ganina, wanda ya ga abin da suka gani, sa'o'in da zai yi yana ƙirga gidajen zane su ma wani abinci ne.

Mu kuwa da muke zaune lafiya a Legas da Abuja da Fatakwal, ina namu lokacin ya tafi? Da can akwai 'yan sarari a cikin yini, kamar tsakanin la'asar da magariba, ko jiran abincin dare, da mutum yakan zauna shiru. Yau wayar hannu ta cinye su duka. Ma'aikaci ya taso daga ofis, ya sha cunkoson motoci, ya iso gida ya kishingiɗa, sai ya ɗauko rigimar duniya ya ɗora a tafin hannunsa har barci ya gagara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum ɗaya cikin kowane uku na manya yana da hawan jini. Lalle allura da zare ba za su maye gurbin maganin likita ba, kuma wanda aka ɗora a kan magani kada ya kuskura ya bari. Sai dai likitan da kansa yakan ce a rage damuwa, alhali kuwa ba kasafai yake faɗin yadda za a yi ba.

Dole kuma a bambanta sana'a da sha'awa. Wanda dillali ya tsaya masa a ka, yana ɗinki dare da rana don ya cika alkawarin hulunan Salla, ciwon baya da na ido yake tarawa, ladan ma bai taka kara ya karya ba. Abin da ake nufi a nan aikin da ba mai jiransa ne. Ba kuma lalle sai hula ba. Wani tattabaru ne nasa, ya watsa musu dawa ya zauna yana kallon saukarsu. Wata saƙar faifai ce, wani kuwa 'yan kunyoyin alayyafo da yakuwa a bayan gida. Kada magidanci ya ce girmansa ya wuce haka. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 an ga Tom Daley na Birtaniya, wanda ya ci lambar zinariya a wasan tsalle cikin ruwa, zaune cikin 'yan kallo yana saƙar ulu, duniya tana kallonsa.

Mai son gwadawa ba ya bukatar jari. Ya nemi mai zane a kasuwa ya fitar masa da fasali mai sauƙi na hular yaro, ya sayi allura da zare launi biyu, ya roƙi wani gwani ya nuna masa huda goma na farko. Sa'an nan ya ware rabin sa'a a lokaci ɗaya kowace rana, wayar tana wani ɗaki. A makon farko zai warware fiye da abin da ya ɗinka, kuma hular farko ba za ta rasa karkata ba, amma ɗan shekara biyar ba ya duba layi in an ce Baba ne ya ɗinka masa.