Hawan Dutsen Patti a Lakwaja

Shirin musamman na yau ya nufi Lakwaja, babban birnin Jihar Kogi, inda Dutsen Patti yake tsaye a bayan gari da tsawon da ya kai kimanin mita 458. Kalmar patti a harshen Nupe tudu take nufi, kuma kan dutsen shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, abin da masana yanayin ƙasa ke kira tudu mai sarari a bisa.

Yini guda ya ishi mai tafiya a ƙasa ya hau ya sauko, muddin ya yi sammako bayan sallar asuba, domin Lakwaja gari ne mai zafi da gumi, hantsi na dubawa ƙafa ta fara nauyi. Hanyar tana murɗewa a jikin dutsen cikin itatuwa da duhuwa, saboda yankin yana kan iyakar kurmin kudu da dajin arewa mai ciyawa, shi ya sa matafiyi kan ga kuka da ɗorawa da ya saba da su a gida, ya kuma ga tsirran da sai ƙasa mai yawan ruwa ke fitar da su. Da damina ganye kan rufe ko'ina har duwatsu su yi santsi, da hunturu kuwa hazo kan ɓoye abin da aka hau domin gani, saboda haka ƙarshen damina ya fi dacewa.

Abin da ake hawa domin gani shi ne mahaɗar manyan koguna biyu. Kwara, wanda ya taso daga tsaunukan Gini ya ratsa Mali da Yamai, yana saukowa daga arewa maso yamma, Binuwai kuma, wanda ya fito daga tuddan Adamawa na Kamaru ya bi ta Garwa da Yola da Makurɗi, yana shigowa daga gabas, su haɗu a gaban garin su nufi teku. Duk wanda ya tsaya a nan zai fahimci abin da ya ja hankalin Turawa, domin a zamanin da jirgin ruwa ne babbar hanyar fatauci, wanda ya riƙe wannan mahaɗa ya riƙe ƙofar Arewa. A Lakwaja ne, ranar 1 ga Janairun 1900, aka sauke tutar kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila, Lugard ya zama babban kwamishinan Arewa, kuma ƙaramin gidan hutawarsa yana kan dutsen har yanzu.

Masu yi wa baƙi jagora kan ce daga kan dutsen nan ne wata Baturiya mai suna Flora Shaw ta hangi kogin ta raɗa wa ƙasar suna Nijeriya. Labarin yana da daɗin ji, amma ba ya tsayuwa, domin ta ba da shawarar sunan ne a jaridar Times ta Landan a Janairun 1897, ba ta kuma zo ƙasar ba sai bayan aurenta da Lugard a 1902.

Tarihin da ya fi wannan nauyi yana ƙasan dutsen, cikin garin da ake hange. Nan ne Turawa suka riƙa kai sarakunan da suka tuɓe, nesa da jama'arsu. Sarkin Kano Alu, wanda aka raba da gadon sarauta a 1903, a Lakwaja ya rasu a 1926, haka ma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, malami kuma mawaƙi, a can ya cika a 1924, kuma kaburburansu suna nan. Abin takaici ne a ce dubban 'yan Arewa suna ratsa garin kullum a kan hanyar Abuja zuwa kudu, su tsaya cin kifi su wuce, ba tare da sanin waɗanda ke kwance kusa da su ba.

Ana kira ga malaman tarihi na makarantun Kano da Zariya da su kai ɗalibansu su hau Patti da safe, su sauko da la'asar su ziyarci waɗannan kaburbura su yi wa sarakunan addu'a.