Gogen da ke bin maganar mutum

A 1988 Steve Reich, ɗan Amurka mai tsara kiɗa, ya shirya wa ƙungiyar Kronos Quartet wani kiɗa mai suna Different Trains, wato jiragen ƙasa daban-daban. Makaɗan huɗu ne kacal, kowa da gogensa irin na Turawa: ƙanana biyu, matsakaici ɗaya, sai babba mai kaurin murya da ake girkewa tsakanin gwiwoyi.

Reich Bayahude ne, kuma iyayensa sun rabu tun yana jariri. Daga 1939 zuwa 1942 ya yi ta kai da komowa a jirgin ƙasa tsakanin New York da Los Angeles tare da mai renonsa. Da ya girma sai ya tuna cewa da a Turai yake a lokacin, da jirgin da ke kwasar Yahudawa zuwa sansanonin 'yan Nazi aka cusa shi.

Dabarar tana wajen murya. Ya naɗi maganar mai renon nan, da ta wani tsohon ma'aikacin jirgi, ya haɗa da muryoyin mutum uku da suka tsira daga kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. Sai ya tsinci guntayen jimloli, ya bi hawa da saukar kowace, ya mayar da ita karin kiɗa. In mace ce ta yi magana, matsakaicin goge ya kwaikwaye ta. In namiji ne, babban ya ɗauka. Wanda ya saba jin kalangu yana kiran sunan mutum ba zai sha wahalar gane wannan ba, sai dai a nan maganar da kwaikwayonta tare suke fita. A ƙarƙashinsu kuma faifai na juyawa, ɗauke da wasu gogunan da aka riga aka naɗa, da usur ɗin jirgi, da jiniya. Shi ya sa mutum huɗu ke cika ɗaki kamar su goma sha.

An fara kaɗa shi a Landan, ya kuma ci kyautar Grammy. Masani Richard Taruskin ya sa shi cikin ƙalilan ɗin ayyukan fasaha da suka iya ɗaukar nauyin wannan bala'i. Amma masaniya Amy Lynn Wlodarski ta koma ta saurari ainihin hirarrakin da aka ciro muryoyin daga ciki, ta nuna cewa yanke-yanken Reich ya sauya ma'anar wasu kalaman. Ƙorafin nata da gaskiya a ciki, don mai sauraro na ɗauka shaida yake ji tsagwaronta, alhali jimlar da ta fi daɗin kari ita aka zaɓa.