Kekunan Baffa Goma Sha Huɗu: Yaya Ake Rabuwa da Abin da Aka Tara?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau hirar keke za mu yi. Ina da baffa a Gyadi-Gyadi, tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, kuma shekara da shekaru yana tara tsofaffin kekuna. Duk inda ya ji an ce ga tsohon Rali za a sayar, sai ya je. Da muka ƙirga, guda goma sha huɗu ne a ɗaki ɗaya, wasu a jingine, wasu a rataye. To sai ga auren ɗansa ya taso, ana buƙatar ɗakin, shi kuma gwiwa ta fara hana shi hawa. Nan fa magana ta tashi: yaya za a yi da kekunan nan?

Kafin ku ce ai tarkace ne, ku tsaya ku ji. Raleigh, wanda muke kira Rali, kamfanin Ingila ne daga garin Nottingham, kuma har masana'anta ya yi a nan Kano. A zamanin dalar gyaɗa, manomi in ya sayar da amfaninsa ya sayi Rali, to ya shiga sahun masu rufin asiri. Malamin makaranta da shi yake zuwa aiki, ango da shi yake zuwa gaida surukai. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka shigo da sauƙin kuɗi, sannan babur ya zo ya ture su duka. Saboda haka in dattijo ya kalli kekensa, ƙuruciyarsa yake gani. Duk wanda ya fara da cewa "Baffa, a zubar da shirgin nan", wallahi ya ɓata zancen tun daga farko.

Abin da na faɗa masa shi ne gaskiyar da shi ma ya sani: keken da ba a hawa lalacewa yake yi. Zafin Kano yana busar da roba, taya ta tsattsage tana tsaye. Damina ta zo, laima ta sa kaca ta yi tsatsa ta ƙage. Giris ya daskare a cikin boris, sirdin fata ya bushe ya dare. Ga kayan gyaran irin na da, musamman birkin ƙarfe wanda ba na waya ba, kullum ƙara wuya suke, su ma tsofaffin masu gyaran da suka san kansu raguwa suke yi. Na ce, "Baffa, mutum ɗaya zai iya kula da keke biyu. Sha huɗu kam sai dai ya zuba musu ido suna mutuwa." Ya yi shiru, can ya ce in kira masa mai gyaransa.

Ga yadda muka yi, ko wani zai amfana. Mun fito da su tsakar gida, mai gyara ya duba kowanne, muka kasa su kashi huɗu.

Kashi na farko, na ajiyewa. Sharaɗin shi ne keken ya kasance da labari. Baffa ya zaɓi biyu: wanda ya saya da albashinsa na farko, da na mahaifinsa.

Na biyu, waɗanda ƙaramin gyara zai tashe su: sabuwar taya, faci, wankin kaca, ɗaurin birki. Guda shida ne, kuma zan dawo kansu.

Na uku, na sayarwa. A nan ku kula. Ku duba tambarin da ke gaban keken. Na Rali kan zalɓe ne a jiki. Ku duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ku ga ko fitila da ƙararrawa da kariya na asali ne. Kada a yi masa sabon fenti don ya yi kyau, mai son tsohon kaya tsufan yake saye. Kuma a ji farashi daga bakin mutum biyu ko uku kafin a sallama.

Na huɗu, waɗanda ƙarfensu ya karye ko tsatsa ta cinye. A cire duk abin da zai yi amfani, feda, birki, kariya, a gyara na kashi na biyu da su. Ragowar ne kawai rabon 'yan gwangwan, domin su a kilo suke awo, ba ruwansu da Nottingham.

To, kekuna shidan nan. Kun san tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Kuɗin adaidaita sahu ya bi ta. Akwai yaro a Tarauni da ke koyon ɗinki, rabin abin da maigidansa ke ba shi a hanya yake ƙarewa. Akwai ɗalibin da ke fashin makaranta duk ranar da babu kuɗin mota. Irin waɗannan muka nema ta hannun limami da mai unguwa, don kada abin ya zama na 'yan gida kawai. Sharaɗi ɗaya Baffa ya kafa: a hau, kada a sayar.

Akwai kuma abin da ya sa na matsa a yi yanzu. Duk abin da mutum ya bari, gado ne. Da Baffa ya rasu kekunan na ɗaki, babu mai ikon kyautar da ko ƙararrawa sai da yardar magada, kuma galibi a ƙarshe gwangwan ake kira a raba kuɗin. Malamai ma sun yi bayani cewa kyauta sai wanda aka ba ya karɓa a hannu tun mai kyautar na raye. Saboda haka in za ka bayar, ka miƙa da hannunka.

Ba zan ce muku bai ji zafi ba. Ranar da aka fitar da na ƙarshe bai ci abincin dare ba. Amma shekaran jiya muna zaune a ƙofar gida, sai ga yaron nan mai ɗinki ya biyo ta layin a kan Phoenix ɗin, ya kaɗa ƙararrawa, ya sauka ya gaishe shi. Baffa ya tashi ya latsa taya, ya ce masa iskar baya ta yi ƙasa, ya shiga ya ɗauko famfo.

In akwai tsohon keke a jingine a gidanku, ku je ku gaida mai shi, ku tambayi labarinsa tukuna. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.