Tsofaffin Sulalla: Abin da Ya Kamata Ki Sani Kafin Ki Saka Su a Gwanjon Intanet

A gidaje da yawa akwai tsofaffin kuɗi a ƙasan akwati ko cikin kwalla: anini, ɗari, kwabo mai huda, taro, sisi da sule. Wasu gadon kaka ne, wasu an cire su daga jikin tsohuwar sarƙa. Yanzu da waya ta shiga ko'ina, ana ta yaɗa cewa Turawa na sayen su da miliyoyi. To 'yar uwa, masu saye akwai su, amma tsufa kaɗai ba ya sa wa kwabo tsada.

Kwabo mai huda da tauraro a jiki, Turawan mulkin mallaka suka fara buga shi tun 1907, kuma an buga irinsa da yawan gaske don Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Abin da ya yi yawa haka ba ya tsada, ko da ya shekara ɗari. Haka kwabban da suka zo da naira a 1973, irin kwabo 25 mai dalar gyaɗa. Masu tara sulalla abu uku suke dubawa: ƙarancin abin, lafiyar jikinsa, da ƙarfen da aka yi shi da shi. Misali, sulen Afirka ta Yamma na 1913 zuwa 1919 azurfa ne, waɗanda suka biyo baya kuwa yawanci ruwan tagulla ne. Kin ga shekara kaɗai ta raba su. Akwai kuma babbar azurfar nan mai hoton mace, ta Mariya Tareza, wadda iyayenmu ke ratayawa a wuya. Za ki ga 1780 a jikinta, amma kada ki ruɗe: an ci gaba da buga ta shekaru masu yawa da wannan shekarar a rubuce. Darajarta tana cikin azurfarta, nauyinta kusan giram 28. Akwai jabu, don haka a kai wa maƙerin azurfa ya auna.

Gwanjon intanet kamar na kasuwa ne, sai dai ba mai shela. Ki saka hoto da farashin farawa, a ba da kwanaki, masu so su yi ta tayawa, wanda ya fi tayi ya ɗauka. eBay ne shafin da ya fi suna. A nan gida an fi ciniki ta Facebook da WhatsApp da Jiji. Kafin ki sa farashi, a duba miki a eBay jerin waɗanda aka riga aka sayar, ba na waɗanda ke jiran mai saye ba. Kowa na iya rubuta miliyan a kan kwabonsa, ya shekara ba wanda ya taya.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne kada a wanke. Mu mata hannunmu ba ya ganin datti ya bari, nan da nan sai toka da tsamiya ko lemon tsami. Wannan goge-gogen yana karce fuskar kwabon, kuma masu saye sun fi son sa da duhunsa na asali. Kwabon da aka goge ya yi ƙyalli zai iya rasa mafi yawan kuɗinsa. A riƙe shi ta gefe, a ɗora a kan farin ƙyalle, a ɗauki hoton gaba da baya a inuwa da rana. Idan an taɓa huda shi don sarƙa ko an yi masa walda, a faɗa. Ɓoye aibi haramun ne a ciniki, sannan shafin zai iya mayar wa mai saye kuɗinsa bayan ke kin biya kuɗin aike.

Sai lissafi. Shafin yana cire kamishonsa daga kuɗin ciniki, akwai kuɗin aike ta NIPOST ko DHL, akwai data, akwai ladan wanda ya saka miki. Sau da yawa kuɗin aika kwabo ɗaya zuwa Ingila ya fi kwabon kansa. Shi ya sa ya fi kyau 'yan ƙungiya su haɗa nasu a sayar a dunƙule. Dokar Najeriya kuma ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ba, don haka in kayan sun tsufa ƙwarai, a fara tambaya a gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano.

'Yan damfara sun san wannan harka fiye da mu. Wani zai kira ya ce kwabonki na da sinadari a ciki, akwai Bature mai jira, amma ki fara tura kuɗin gwaji ko na rajista. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mai sayarwa. Wani kuma zai turo saƙon banki na ƙarya. Kada kaya su bar hannunku sai an duba asusu an ga kuɗin da ido. Lambar BVN da lambar sirri da banki ke turowa a waya, ba a ba kowa su, ko da ɗan uwa ne ke saka miki kayan.

In kayan gado ne, sai magada sun yarda kafin a sayar. Kuɗin adashi ko na asusun ƙungiya kuwa, ban ba da shawarar a ɗauke su a sayi tsofaffin kwabbai da niyyar cin riba ba, har sai an sayar da na hannu an ga yadda kasuwar take. Idan ƙungiya za ta haɗa kaya, sakatariya ta rubuta sunan kowace mace, yawan sulallanta da shekarar da ke jikin kowanne, a gaban ma'aji da shaidu biyu, kafin a miƙa wa mai waya.