Zaɓen Launin Kwalliyar Amarya Bisa Tsarin Yanayi Huɗu na Shekara

Tun wajen shekarar 2020 wata tsohuwar dabara ta zaɓen launin kwalliya ta sake farfaɗowa, bayan da ta sami karɓuwa ƙwarai a Koriya ta Kudu, sa'an nan ta bazu ta kafar TikTok. Dabarar ita ce ta kasa mutane gida huɗu, a ba kowane gida sunan ɗaya daga cikin yanayin shekara na ƙasashen Turai, a kuma keɓe masa launukan da aka ce su ne ke karɓar mai irin wannan fata. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bayyana asalin tsarin da yadda ake aiki da shi wajen shirya amarya, ta kuma nuna inda ake yin tuntuɓe idan aka juya shi zuwa Hausa ba tare da lura ba.

Ana danganta tushen tsarin ga Johannes Itten, mutumin Suwizalan wanda ya koyar a makarantar fasaha ta Bauhaus a Jamus daga 1919 zuwa 1923. Itten ya lura cewa idan aka bar ɗalibai su zaɓi launukan da suka fi kwanta musu a rai, zaɓin nasu yakan yi kama da launin fatarsu da gashinsu da idonsu. Ya rubuta wannan a littafinsa kan fasahar launi wanda ya fito a 1961. A Amurka kuwa, Suzanne Caygill ta mayar da abin sana'a tun cikin shekarun 1940 a Kalifoniya. Amma wadda ta kai shi kasuwa sosai ita ce Carole Jackson, da littafinta Color Me Beautiful na 1980. Daga baya an faɗaɗa gidajen daga huɗu zuwa 12.

Ginshiƙin tsarin ma'aunai uku ne, waɗanda ke da dangantaka da rabon da Albert Munsell ya yi wa launi a 1905. Na farko, ko launi mai ɗumi ne, watau ya karkata ga rawaya, ko kuwa mai sanyi ne, ya karkata ga shuɗi. Na biyu, ko mai haske ne ko mai duhu. Na uku, ko ya fito tar ko kuwa ya dusashe. Gidan farko, na lokacin da itatuwa ke toho, launukansa masu ɗumi ne da haske, sun kuma fito tar. Na lokacin zafin Turai masu sanyi ne da haske, amma a dusashe. Na lokacin zubar ganye masu ɗumi ne da duhu, irin su ruwan ƙasa da ruwan makuba. Na lokacin sanyi kuwa masu sanyi ne, masu cizawa, irin su fari fat da baƙi ƙirin da shuɗi mai ƙarfi.

Yadda ake gane gidan amarya shi ne a zaunar da ita gaban madubi cikin hasken rana, fuskarta ba ko ɗigon hoda, a rufe gashinta da farin ƙyalle. Sai a riƙa ɗora ƙyallaye masu launi dabam-dabam a ƙarƙashin haɓarta ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake dubawa ba ƙyallen ba ne, fuskar ce. Haske yakan bugi ƙyalle ya komo kan fata, saboda haka wani launi sai ya sa fuska ta yi fes, wani kuwa ya tono duhun ƙarƙashin ido ya bar ta kamar an barbaɗa mata toka. Akan kuma gwada zinariya da azurfa: wadda zinariya ta fi karɓa a sa ta ɓangaren ɗumi, wadda azurfa ta fi karɓa a sa ta ɓangaren sanyi. Daga nan ake zaɓen jan-baki da jan kumatu da abin shafa wa fatar ido. Mai ɗumi a ba ta jan da ya karkata ga ruwan goro, mai sanyi a ba ta jan da ya karkata ga ruwan hanta. Har farar rigar aure ta Turawa an raba, domin wata fari tas ne ke karɓarta, wata kuwa sai ruwan madara.

Wajibi ne a faɗa cewa wannan ba ilmin kimiyya ba ne tabbatacce. Ido ne ke hukunci, kuma ƙwararru biyu suna iya sa mace ɗaya a gidaje biyu. Daɗin daɗawa, an gina tsarin ne a kan fararen fata, waɗanda gashinsu da idonsu ke da launuka iri-iri. Littattafan farko sun tattara yawancin baƙaƙen mata sun zuba su a gidan lokacin sanyi, don kawai gashinsu da idonsu baƙaƙe ne. Alhali kuwa duk wanda ya zauna cikin Hausawa ya san akwai fara, akwai ja, akwai wankan tarwaɗa, akwai baƙa, kuma ko a cikin baƙaƙen wata baƙinta ya karkata ga ja, wata ga shuɗi. Shawarar da ake bayarwa ta duban jijiyar wuyan hannu, ko koriya ce ko shuɗiya, ba ta da amfani sosai ga wadda jijiyarta ba ta fitowa. Su ma kamfanoni sun daɗe ba su kula ba, shi ya sa fitowar Fenty Beauty a 2017 da hodar shimfiɗa mai launi 40 ta zama abin labari.

Babbar matsalar da ta shafi manazarcin harshe ita ce ta sunayen gidajen. Mai fassara yakan ɗauko bazara da kaka da hunturu ya liƙa, yana zaton ya gama aiki. To, amma hoton da waɗannan kalmomi ke kawowa a zuciyar Bahaushe dabam ne. Hunturun Bature dusar ƙanƙara ce fara fat da itatuwa baƙaƙe tsirara, watau launuka masu kaifi da suka bambanta sarai. Hunturun Bahaushe kuwa hazo ne da ƙura, lokacin da komai ke yin fari-fari, har fatar mutum. Don haka idan aka ce wa mai koyon kwalliya a Kano ko Damagaram amarya "'yar hunturu" ce, hankalinta zai tafi ga launuka masu dusashewa, akasin abin da ake nufi ke nan. Haka nan bazara, wadda a wurinmu zafi ce tsagwaronta, alhali gidan da ake fassarawa da ita na launuka masu sanyi ne. Kaka ce kaɗai ta ɗan dace, saboda jar dawa da busasshen kara. Damina kuwa, wadda ta fi kowane lokaci launi a ƙasar Hausa, ba ta da gurbi sam.

Abin sha'awa shi ne Hausa ba ta bukatar aron sunayen domin ta bayyana ma'aunan. Amsa-kama na ɗauke da ƙarfin launi: ja wur, kore shar, baƙi wuluk. Ninki kuma na rage shi: ja-ja, baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi. Akan ce launi ya ciza, ko ya koɗe. Kalmar "ruwa" tana ba da damar ƙirar suna ga kowane launi daga abin da aka sani, alal misali ruwan ɗorawa, ruwan zuma, ruwan toka, ruwan hoda. Uwa-uba akwai aikatau "karɓa". Idan mata suka ce atamfa ta karɓi wance, hukuncin da mai ɗora ƙyalle a ƙarƙashin haɓa ke nema ke nan, ba ƙari ba ragi.

Akwai kuma abin da tsarin bai yi tanadinsa ba. Amaryar Bature riga ɗaya take sawa, amma ta Hausa takan sauya kaya daga kamu zuwa walima zuwa buɗar kai, kuma sau da yawa an riga an zaɓi kayan tun a lefe. Jan lalle da ke hannunta da ƙafarta launi ne mai ɗumi, haka ma sarƙar zinariya, ko da kuwa fatarta ta ɓangaren sanyi ce. Gyaran jiki da dilka da kurkum shi ma yakan ɗan sauya hasken fata kafin biki, saboda haka gwajin da aka yi wata guda kafin nan yana iya saɓawa. Hodar shimfiɗa kuwa ba ta bin gida ko kaɗan, fatar wuya da muƙamuƙi take bi. Mai kwalliyar da ta zaɓi wadda ta fi fatar haske, don a ce amarya ta yi fari, za ta ga sakamakon a hoton biki, inda hasken kyamara zai raba fuska da wuya.