Wanda ba ofis za shi ba, me ya kai shi gosulo?

Daga La'asar zuwa Isha'i, titunan Kano ba na mai gaggawa ba ne. Ma'aikata sun tashi, ɗaliban Islamiyya na komawa gida, 'yan Kantin Kwari da Singa na rufe shaguna, sai hanya ta cushe daga Bata har Titin Ibrahim Taiwo. Amma leƙa cikin Adaidaita Sahun da suka yi cirko-cirko: ga mai kai wa tela ɗinki, ga masu zuwa barkar haihuwa, ga yaron da aka aika cika tukunyar gas. Babu wanda ya yanka musu lokaci, sabo ne kawai ya fito da su da yamma.

Fitowar tasu kuwa tana da nauyin da ba su zata ba. Titi yana da iyakar motocin da zai iya ɗauka. Kafin a kai iyakar, ƙarin mota goma ba ya rage gudun kowa. Da zarar an kusance ta, taka birkin mutum ɗaya ya isa: na bayansa ya taka fiye da shi, na bayan wancan ya tsaya cak. A 2008 masana a Japan suka wallafa wani gwaji: motoci 22 a kan zagayayyar hanya mai tsawon mita 230, aka ce kowa ya riƙe gudu ɗaya. Ba danja, ba rami, ba mai sauke fasinja, amma ba a jima ba cunkoso ya haɗu da kansa, yana ja da baya a cikin layin.

Shi ya sa rage motoci kaɗan kan yi babban aiki. Da birnin Stockholm na Suwidin ya gwada karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari a 2006, motoci sun ragu da kusan kashi 20 cikin 100 ne kawai, amma dogayen layuka suka ragu ƙwarai.

Kano ta bi ta hanyar gini da doka: gadar Ƙofar Nasarawa, ta Kabuga, ta Dangi, ta Hotoro, ga kuma 'yan KAROTA masu ba da hannu a mahaɗa. Sun taimaka, sai dai gada kan kwashe cunkoso ne ta sauke shi a shataletalen gaba.

Abin da ya rage a hannun jama'a shi ne zaɓen lokaci. Cefane, aski, gaida dangi da zuwa banki duk suna yiwuwa da hantsi, bayan an gama kai yara makaranta, kafin a tashe su. A haɗa saƙo uku a fita ɗaya. Ranar Juma'a a gama kafin sahu ya fita kan titi a kusa da masallatai, da azumi kuwa kada a bar sayayya sai dab da shan ruwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kowane minti da inji ke aiki a tsaye kuɗi ne ke ƙonewa.

Jana'iza ba ta jira, naƙuda ma haka, ma'aikaci kuma ba shi ya zaɓi ƙarfe huɗu ba. Wanda ke da zaɓi, idan ya matsar da fitarsa da awa biyu, ya huta, ya kuma buɗe wa waɗannan hanya.